Kafin Ki Sayi Ƙwaƙwalwa Ta Uku

*Assalamu alaikum, Baba Masta. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi. Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, ya bar ni da yara huɗu. Da aka raba gado sai na haɗa kason yara da kuɗin susuna, wato adashi, na sayi Corolla 'yar 2010, saukar Amurka, na ba wani yaron unguwarmu yana Uber da ita, yana kawo mini sels, wato kuɗin cinikin motar, duk Juma'a. Da shi nake biyan kuɗin makaranta. Ƙanin marigayi fita ne, wato makanike, a Magazin, unguwar masu gyaran mota, shi ke duba motar, kuma bai taɓa karɓar kuɗin aiki a hannuna ba. Watan jiya motar ta mutu a hanyar Tafo, ta ƙi tashi. Ya ce kontrol bod ce ta ƙone. Na ba da sidi 2,800 aka sa wata. Kwana 16 ta yi ta sake mutuwa, ya ce ita ma ta ƙone, in kawo kuɗin wata. Kafin wannan kuma, sau uku cikin wata biyu direban yana cire kuɗin ƙwan fitila daga sels, ya kuma ce batirin da bai yi wata biyar ba ya kumbura yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, muka canza. Zuciyata na raya mini sun haɗa baki suna cina. In na kai motar wani gareji dangin miji za su ce na raina ɗansu, in na yi shiru kuwa kuɗin marayu ne ke tafiya. Yaya zan yi?*

*Uwar marayu, Aboabo*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya kyauta makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

Tun kafin mu yi nisa: kada ki ba da ko sidi ɗaya na kontrol bod ta uku a wannan makon. Ba don ƙanin mijinki ɓarawo ne ba. Dalili shi ne abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Abin da ya kashe ta farko yana nan cikin motar, shi ya kashe ta biyu, kuma yana zaune yana jiran ta uku.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Karon farko na bi ki inda kika ja ni, wato kan kontrol bod da ƙanin miji. Karo na biyu sai idona ya tsaya kan ƙwan fitila da batir, abubuwan da kika kawo don ki nuna mini yaron nan yana cin ki. Ni kuwa a wurina su ne suka fi wanke shi. Direban da ke son ya ci kuɗin mai mota yakan ce kasuwa ba ta yi ba, ko 'yan sanda sun tare shi, ko taya ta fashe. Ba zai zauna ya ƙirƙiro batir mai warin ƙwai ba, don shi kansa bai san abin da warin ke nufi ba. Mu da muka tsufa a aikin wutar mota mun sani.

A jikin injin akwai wata na'ura da bel ke juyawa, altaneta, ita ke ba mota wuta tana kuma cika batir muddin inji na aiki. A cikinta akwai wani ɗan abu, regileta, aikinsa ya tsare wutar kada ta wuce iyaka. Batir mai lafiya, inji a kashe, yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In inji ya tashi, ya kamata mita ta tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Idan regileta ya lalace sai wutar ta haura 15, 16, wani lokaci 17 in direba ya taka. Wanda ke fara jin jiki shi ne ƙwan fitila, don siririn zaren da ke cikinsa ba ya jure ƙari. Na biyu batir: ruwan cikinsa ya dinga tafasa, jikinsa ya kumbura, ya fitar da wannan warin da yaronki ya ji. Na uku kuwa, wanda ya fi su tsada duka, ita ce ƙwaƙwalwar motar, wato kontrol bod ɗin. Kin san yadda wuta kan dawo da ƙarfi bayan dumso, wato ɗaukewar wuta, ta ƙona ƙwai biyu a tsakar gida, ta haɗa da talabijin? Babu mai hankalin da zai sayi sabon talabijin ya jona a soket ɗin nan bai sa an duba wutar gidan ba. Abin da aka yi wa motarki ke nan watan jiya.

Ki gaya wa direban, in batir ya sake yin wannan wari, kada a kunna ashana ko sigari kusa da shi, kada kuma a goga waya a kansa don a ga ko akwai wuta. Iskar da yake fitarwa tana kamawa, batirin kan fashe, ruwansa kuma asid ne. Na san mutum a Magazin da ya rasa ido ɗaya ta haka.

Bari in gaya miki mece ce wannan kontrol bod ɗin, don in ana magana a gabanki ki san inda aka dosa. Mu a nan Gana haka muke ce mata, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce birenbos, a takardun kamfani kuma ECM ko ECU. Ƙaramar kwamfuta ce a cikin kwalin alminiyam, ba ta wuce faɗin littafin makaranta ba. A irin Corollarki tana cikin bonet, gefen direba, kusa da akwatin matatar iska. Tana sauraron na'urori da ke gaya mata yawan iskar da ke shiga, zafin inji, inda fistin yake, da irin hayaƙin da ke fita, sannan ita ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Sau dubbai take yin haka cikin minti ɗaya. Amma babu abin da ke juyawa ko gogawa a cikinta. Ba kamar birki ko kuloci ba ce da za a ce ta cinye. Motoci da yawa kan tsufa, a yanka su a sayar wa masu tsohon ƙarfe, ƙwaƙwalwarsu tana nan garau. Akwai dai inda laifin daga masana'anta ne: a 2010 kamfanin Toyota ya yi kiran Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya na shekarun 2005 zuwa 2008 a Amurka, saboda dalmar cikin ƙwaƙwalwarsu kan tsage mota ta mutu ana tafe. Taki 'yar 2010 ce, ba ta cikinsu. Saboda haka in aka ce mini ƙwaƙwalwa biyu sun mutu a mota ɗaya cikin wata guda, ni dai na san ruwa ba ya tsami banza.

Altaneta ce na fi zargi, amma ba ita kaɗai ke kisa ba, kuma ina so a bincika sauran. Ruwa yana kan gaba a garin nan. Ke da ke Aboabo ba sai na gaya miki yadda rafin nan ke cika ya hau titi da damina ba, direba kuma in yana ganin sels bai cika ba sai ya rufe ido ya kutsa. Ko bai shiga ruwa ba, akwai yaran wurin wankin mota da ke buɗe bonet su saita bakin injin feshi a kan soket ɗin ƙwaƙwalwa, inji na da zafi. Ruwan ba ya kashe ta ranar. Yakan kwanta cikin soket, bayan sati biyu ko uku ƙafafun su yi kore kamar tsohon kwabo. Sai haɗa batir a juye lokacin da ake roƙon wuta daga wata mota, ja a baƙi, baƙi a ja. Daƙiƙa ɗaya ta isa. Sai masu jawo wuta daga tifa ko babbar mota mai bolt 24 su ce ai za ta fi saurin tashi. Sai mai walda da zai kama salansa bai cire kan batir ba. Sai kan batir mai girgiɗi wanda ake bugawa da dutse duk safiya. Sai wayar da ɓera ya ci ko ta goge a jikin ƙarfe, ko nozul da ya haɗe ta ciki yana jan wuta fiye da kima.

Akwai kuma ɗaya da ni kaina na taɓa yi, ban ji kunyar faɗa ba. Zamanin da muka koyi aiki, motocin kafireto ne, Peugeot 504 da Datsun. In ana so a san ko altaneta na caji, sai a tashi inji a cire kan batir. In bai mutu ba, an ce tana yi. Haka mastana ya koya mini, haka shi ma aka koya masa. Da Opel suka cika gari suna tasi, wani direba ya kawo mini Astra, na yi mata wannan gwajin cikin isa, yara na kallo. Inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Har yau ina tuna warin da ya fito daga kwalin da na buɗe shi, kamar an ƙona roba da gashi, ga wani ɗan baƙin tabo a kan allon bai kai ƙwayar gero biyu ba. Batir shi ke shanye tsallen wuta. In ka cire shi inji na gudu, wutar kan yi tsalle zuwa bolt 35, a tsohuwar altaneta ma ta wuce 80, na ƙiftawar ido. Ribar wata biyu na biya. Har gobe akwai masu yin wannan gwajin a Magazin da zuciya ɗaya, kuma ba zan yi mamaki ba in an yi wa motarki shi ranar da aka canza batir.

To, ita kanta maganar "ta ƙone", da me aka gane? Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci, don cikin motocin da aka taɓa kawo mini da ƙwaƙwalwa a hannu ana cewa ta mutu, da yawansu lafiyarta lau. Fiyus ne na 'yan sidi kaɗan, ko rile, wani ɗan makunnin wuta, ko wayar at, mai mayar da wuta batir, da ke ɗaure a jikin inji ta yi tsatsa. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun wuta da wadda ta mutu, daga waje kamarsu ɗaya: dukansu ba sa magana.

Akwai abin da ke da kanki za ki iya gani, ko ba ki taɓa riƙe sifana ba. Ki zauna a kujerar direba, ki murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ki tayar. Ki nemi wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji. In ta kama, ƙwaƙwalwar tana samun wuta kuma tana farke, ko da tana da wani ciwo. In ba ta kama ba, ko dai wuta ba ta isa gare ta, ko ta mutu, ko wani ya cire ƙwan don ya ɓoye matsala, abin da masu sayar da mota suka ƙware a kai. Sannan ki duba fitilar tsaro mai ƙiftawa. Ya kamata ta daina da zarar makullin gaskiya ya shiga. In ta ci gaba da ƙiftawa, motar ce ba ta gane makullinta ba, wannan kuwa ciwo ne dabam, za mu zo kansa.

Sauran aikin na mai wutar mota ne da mita da mashin. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wani soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, nan ake jona mashin ya karanta abin da ƙwaƙwalwa ta rubuta. Amma mashin ba boka ba ne, lamba kawai yake bayarwa, fassara ta mai karatu ce. U0100 na nufin an kira ƙwaƙwalwa ba ta amsa ba. Bai ce ta mutu ba, wataƙila hanyar ce ta yanke. P0335 na nufin ba ta jin na'urar da ke ƙirga juyin inji, ita kuwa wannan in ta lalace mota ba za ta tashi ba ko ƙwaƙwalwa sabuwa ce fil. P0562 da P0563 suna maganar wutar motar ce, ta yi ƙasa ko ta yi sama. P0601 da P0606 su ne ke nuni da ciwo a cikin kwalin kansa, su ma sai an tabbatar wuta da at suna isa yadda ya kamata kafin a yarda da su. Mai aikin kirki zai fara da fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI da rilensa, ya auna wuta a bakin soket ɗin ƙwaƙwalwa, ya auna at, ya ga ko tana fitar da bolt 5 da take ba na'urorinta. Wani lokaci na'ura ɗaya ce ta haɗe ta ja bolt 5 ɗin nan ƙasa, in aka zare ta sai komai ya farfaɗo. Duk wannan bai wuce aikin awa ɗaya ko biyu ba. Ki ce a rubuta miki lambobin a takarda, ko direban ya ɗauki hoton fuskar mashin da wayarsa kafin a goge. Da yawa suna gogewa nan take, shaidar ta tafi.

Tunda motar ba ta tashi yanzu, ba za a iya auna caji a jikinta ba. A kwance altanetar a kai wa masu gwada ta a kan benci, a bar ta ta yi zafi, don akwai regiletan da sai ya ɗauki zafi yake hauka. Aikin da za a fara yi ke nan.

Yanzu ga maganar da ta hana ki barci, ta ƙanin miji. Hajiya, mutumin da ya shekara biyu yana shiga ƙarƙashin motarki bai karɓi ladan aiki ba, ban ga alamar ɓarawo a jikinsa ba. Abin da na gani shi ne fita da aka kawo wa ciwon da ba fanninsa ba, ga matar wansa, ga marayu na kallo, nauyi ya hana shi cewa "ban sani ba". Magazin gari ne guda, ana maganar mutum wajen 200,000 ke neman abinci a cikinsa, kuma kowa da layinsa: mai inji, mai giya, mai wuta, mai bugun jiki, mai fenti, mai kushin. Fita zai iya sauke miki inji ya mayar idonsa a rufe, amma ki ba shi zanen wayoyi ya rasa ta ina ake farawa. Wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne canke da kuɗin mutane. Al'adar da ta yi mana katutu ke nan, a canza wannan a gani, in bai yi ba a canza wancan, kuma a motar kafireto cankar ba ta da tsada. A motar kwamfuta kowace canka ɗaya kuɗin zangon karatu ce.

Saboda haka kada ki ɗauke motar daga hannunsa, kada kuma ki aika masa saƙo ta waya, balle ta bakin wata. Ki je da kanki, ko ki kira shi gida bayan la'asar, ki ba shi ruwa, ki fara da godiya, don ya cancance ta. Sannan ki ce masa, Baban yara, kuɗin nan ba nawa ba ne, na 'ya'yanka ne, ni da kai duka za a tambaye mu a kansu. Hannuna ya yi ƙasa, ba zan iya sayen ta uku ta sake ƙonewa ba. Ina roƙonka ka nemo mana mai wuta wanda ka yarda da shi, mai mashin, ya gano abin da ke ƙona su, ni zan biya shi ladansa. Kin ga, ba ki tsallake shi ba, shi kika ɗora a gaba. Zai shiga Magazin a matsayin mai neman ƙwararre don 'ya'yan wansa, ba wanda aka ƙwace wa aiki ba. Dangin miji ba su da abin cewa. In kuwa akwai dattijo a gidan da yake jin maganarsa, ki sanar da shi tun da wuri, ba a matsayin ƙara ba, don dai kada labari ya riga ki isa a karkace.

Abu ɗaya za ki roƙa a wannan zaman, cikin ruwan sanyi: ya kawo miki tsohuwar kontrol bod, ta asalin motar. Ki ce mai wutar zai buƙace ta, kuma gaskiya ne zai buƙace ta. A jikinta lambar gaskiya take, a cikinta bayanan motarki suke, kuma in an buɗe ta tabon da ke ciki zai faɗi abin da ya kashe ta: kore ko fari-fari na ruwa ne, baƙi kusa da inda wuta ke shiga na ƙarfin wuta ne, baƙi a gefe guda kuma yakan nuna wata waya ko nozul da ta haɗe. In ya kawo ta, zancen zargi ya mutu, ki nemi gafarar Allah a zuciyarki ki wuce, don zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. In ya ce an bar wa mai kaya a rage kuɗi, hakan na faruwa, sai ya raka ki a karɓo. In kuwa kullum da sabon labari, yau ta ɓace, gobe yaro ya ɗauka, ya kuma ƙi a kawo mai wuta, to a nan kina da hujjar kai motarki inda kika ga dama, kuma ba mai ganin laifinki.

Idan an gama bincike aka tabbatar dukansu biyu sun mutu, kada a yi saurin zuwa kasuwa. A fara kai ta asalin wurin masu gyaran allo. Akwai yara yanzu, wasunsu daga gyaran waya da talabijin suka faro, da ke canza ɗan abin da ya ƙone a ciki da kuɗi kaɗan. In ƙarfin wuta ne ya buge ta, sau da yawa abin da ke tsaron ƙofa ne ya mutu, cikin gidan lafiya lau. Wadda ruwa ya jima a ciki ce ba na ba da shawarar a gyara. Za ta yi aiki wata biyu ta dawo.

In ba ta gyaruwa, sai hom-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, a Magazin ko a aiko daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Ankara, babban birninmu. A nan ake tafka kuskuren da nake jin tsoron an riga an yi miki. Kwalin Corolla duk kamarsu ɗaya a ido, soket ma ya shiga daram, amma cikin ba ɗaya ba ne. A jikin takardar da ke manne akwai lamba da ta fara da 89661, sai wasu biyar a bayanta. Dole su dace da na motarki, ko su zama waɗanda kamfani ya ce suna maye gurbinsu. Ta mai giyar hannu dabam da ta otomatik, ta inji 1.8 dabam da ta 1.6, ta Amurka dabam da ta Turai ko Dubai. "Ai duk Corolla ce" ba magana ba ce. A duba ƙafafun soket da fitila, in akwai kore ko alamar laka a ajiye, don cikin motocin da ake yankawa a kawo kayansu ta tashar jirgin ruwa ta Tema akwai waɗanda ambaliya ta shanye a can. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kwalin da kwanakin gwaji da aka yi alkawari, a sa hannu a jikin kwalin da maka. Masu kayan wuta ba sa son karɓar abin da ya fita, kuma ba na ganin laifinsu sosai, tunda ga irin motarki da ke cinye mai lafiya a dawo musu da gawa. Sabuwa daga kamfani tana nan ga mai hali, amma a motar da ta haura shekara goma tana neman kuɗin makaranta, ban ga dalili ba.

Saura maganar makulli. A kan makullinki akwai wani ɗan ƙwayar abu da ke gaisawa da motar duk lokacin da aka sa shi. In ƙwaƙwalwa baƙuwa ce, ba ta san wannan gaisuwar ba, inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take. Sai an gabatar da su ga juna. A Toyota irin taki wannan aikin kusan rabin awa ne a hannun wanda ya sani, makulli a buɗe, batir a cike. Wasu kuma sukan kwafe bayanan tsohuwar su zuba a sabuwar, dalili na biyu ke nan da ya sa nake nacin a nemo ta asalin. Za a samu mai ce miki a cire tsaron gaba ɗaya, a huta. Kada ki yarda. Motar da ke kwana a waje, take ɗaukar baƙin fuska dare da rana, in aka cire mata wannan, duk wanda ya yanka ƙarfe ya yi daidai da ramin makulli ya tafi da ita.

Ranar da za a tayar da ita, mita ta kasance a kan batir tun kafin a murɗa makulli. A bar inji ya yi zafi, a kunna fitilu da AC, a taka zuwa juyi 2,000 a minti, a ga lambar ba ta wuce 14.5 da wani abin kirki ba. In ta doshi 15 a kashe nan take. Kwana biyun farko in kin ji sulo ɗinta na ɗan hawa da sauka kada hankalinki ya tashi, tana koyon injin ne. Bayan sati a sake jona mashin a ga ko ta rubuta wani abu.

Shi kuma yaron, ki kira shi ki tambaye shi ba da faɗa ba, don in ya ji tsoro zai ɓoye abin da mai wuta ya fi bukatar ji. An taɓa ba motar wuta daga wata mota, wace iri? An yi walda? An wanke inji, yaushe? Ya shiga ruwa? Kafin ƙwan su mutu, ya lura fitilu na ƙara haske in ya taka? Ki ce masa duk abin da ya faɗa ba za ki cire daga kuɗinsa ba, ki kuma cika. Daga yau ya dinga kawo miki duk abin da aka cire a motar, ko ƙwan fitila ne, a leda tare da rasit. Akwai wata 'yar mita da ake cusawa a ramin cajin waya tana nuna wutar mota da jan rubutu, kuɗinta bai kai na ƙwan fitila biyu ba. Ki saya masa, ki nuna masa 14, ki ce in ya ga 15 ya faka ya kira ki.

In an gwada altanetar, ki aiko mini da abin da mita ta nuna da lambobin da mashin ya fitar, da hoton takardar da ke jikin kwalayen biyu. Ki gaida yara.